Ayu Na Ƙarewa: Rawar Da Masu Nutso Za Su Taka Wajen Cetonsa

Wata ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari a nan Zariya domin sayen cefane, sai na iske jama'a sun yi da'ira a gaban wani mai tallan magungunan gargajiya. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera saiwoyi da ɓawon itatuwa da fatun namun daji, amma abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne wasu 'yan kwalabe masu ɗauke da wani mai fari-fari. Cewa yake man ayu ne, daga Binuwai aka kawo shi, kuma duk macen da ta yi amfani da shi ta gama da mijinta. Na tsaya har na ga an sayi kwalba huɗu. Da na shiga motar komawa Samaru sai na riƙa tambayar kaina: shin cikin waɗanda suka saya, mutum nawa ne suka san mene ne ayu, kuma nawa ne suka san cewa dabba ce da ke kan hanyar ƙarewa?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bazazzagi da dabbobin teku, alhali tsakaninmu da gaɓar Atilantika akwai ɗaruruwan kilomita? Amsa ita ce, ruwa ya haɗa mu. Rafin Kubanni da ya ratsa Jami'ar Ahmadu Bello yana zuba ne a Galma, Galma ta zuba a kogin Kaduna, Kaduna ta haɗu da Kwara, ita kuwa Kwara ta karɓi Binuwai a Lakwaja ta wuce teku. Ledar da aka jefa a kwata a Samaru tana iya bin wannan hanya. Haka kuma kuɗin da aka biya a Sabon Gari suna bin hanyar su koma hannun maharbin da ya soke ayu a gurbin kogi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ba za a ceci ayu da sauran dabbobin ruwa da doka kaɗai ba, sai an jawo mutanen da suka san ƙarƙashin ruwa, wato masunta da 'yan nutso, an mai da su abokan aikin masana kimiyya, an kuma biya su haƙƙinsu.

Mene Ne Ayu?

Da farko dai ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, tana numfashi da huhu, don haka dole ta riƙa leƙo hancinta saman ruwa bayan 'yan mintoci, ko da yake in tana hutawa takan iya kai kusan minti 20 ba ta fito ba. Masana ilmin halittu suna kiran irin namu na Afirka da suna Trichechus senegalensis, sunan da aka raɗa masa tun shekarar 1795. Babban ayu yakan wuce mita 3 a tsawo, nauyinsa kuma yakan kusanci kilogiram 500. Abin mamaki shi ne, danginsa na kusa a doron ƙasa su ne giwa da rema. Nonon macen yana kusa da hammata ne, kuma ana jin wannan na cikin dalilan da suka sa ake ta ƙirƙirar labarai cewa rabinsa mutum ne, rabinsa kifi.

Abincinsa galibi tsirran ruwa ne irin su burugu da kainuwa da bado, da ganyayen da suka sunkuyo daga gaɓa, kodayake yakan taɓa dodon koɗi da kifin da ya samu a raga. Saboda yashi da ke cikin ciyawa yana cinye masa haƙora, sai haƙoran nasa suke tafiya a hankali daga baya zuwa gaba, na gaba su zube, sababbi su tsiro a baya, har iyakar rayuwarsa. Da wannan kiwo nasa yana buɗe hanyoyin ruwa da ciyawa ke toshewa, kashinsa kuma taki ne ga ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Wato ke nan masunci na cin moriyar ayu ko bai sani ba.

Ana samun wannan dabba a ƙasashe 21, daga Sanagal har Angola, a bakin teku da lungunan ruwan gishiri, sannan tana hawowa koguna har Mali da Nijar da Chadi. A Nijeriya tana cikin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da tafkin Pandam na Jihar Filato da kuma fadamun Neja Dalta. Sunan nan namu na Hausa ma ya daɗe da shiga littattafan Turai, domin matafiyin nan Bajamushe Eduard Vogel ya ba da bayanin ayun Binuwai da wannan suna a shekarun 1850. Amma duk da haka, cikin dukkan ire-iren wannan dabba a duniya, na Afirka ne aka fi ƙarancin bincike a kansa.

Me Ke Ƙarar Da Shi?

Babbar matsalar ayu ita ce jinkirin haihuwa. Tarwaɗa guda tana zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya. Ita kuwa macen ayu tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi har zuwa shekara biyu, kafin ta sake haihuwa. Saboda haka wanda ya kashe uwa mai goyo ya kashe biyu, kuma giɓin da ya bari ba zai cike ba sai bayan shekaru. Dabba mai irin wannan hali ba ta jure farauta ko da kaɗan ce.

To, ga farautar kuwa ana yi. Ana kashe ayu domin namansa da kitsensa da fatarsa da ƙasusuwansa, da ma wasu sassan jikinsa da ake sa wa a magani. Wasu kuma ba da niyya ake kama su ba, sarƙewa suke yi a kalli ko taru, su kasa fitowa shan iska, su mutu. Ragar zamani ta roba ba ta ruɓewa kamar ta zaren auduga da kakanninmu suka yi aiki da ita. In ta tsinke ta maƙale a kututture cikin ruwa, haka za ta ci gaba da kamu shekara da shekaru ba mai ita.

Sai kuma madatsun ruwa. An kammala madatsar Kainji a 1968, daga baya aka gina ta Jebba a ƙasanta, sannan Kamaru ta gina ta Lagdo a kan Binuwai a 1982. Babu mai musun amfaninsu wajen lantarki da noman rani, amma sun datse hanyar da ayu ke bi, sun raba dangi gida-gida, sun kuma canza lokacin cika da janyewar ruwa. Idan rani ya yi tsanani, ayu kan maƙale a gurbin da ya yanke daga uwar kogi, a nan kuwa ko yaro ya gan shi. Daɗin daɗawa ga guba. Su da maganin ƙwari irin Gamalin 20 ya daɗe yana ɓarna a kogunanmu, ba ya barin babba ba ya barin ƙarami.

Kada a ɗauka ƙarewar irin wannan dabba tatsuniya ce. A shekarar 1741 wani masani mai suna Georg Steller ya ga wani ƙaton ɗan'uwan ayu a tekun Bering, mai tsawon kusan mita 8. Zuwa 1768 maharba sun cinye shi ƙarƙaf, wato cikin shekara 27 kacal. A 2006 masana suka bincike kogin Yangtze na ƙasar Sin ba su ga ko ɗaya daga dolfin ɗin kogin ba, a 2022 kuma aka bayyana cewa dugon, wani ɗan'uwan ayu, ya ƙare a ruwayen ƙasar. A gaɓar tamu ma, dolfin mai doro na Atilantika ya shiga sahun dabbobin da ke bakin halaka tun 2017, kunkurun teku kuwa ana kwashe ƙwansa a rairayi, yana kuma haɗiye leda bisa zaton abincinsa ne.

Gaskiyar Man Ayu

Bari mu koma ga kwalbar nan ta Sabon Gari. Hujjar masu talla ita ce wai namiji da macen ayu ba sa rabuwa har mutuwa, saboda haka mansa na ɗaure zuciya. Abin da masana suka gani a wurin ayun Amurka, wanda aka fi nazarinsa, ya saɓa wa wannan. Idan mace ta shirya barbara, garken maza ne ke bin ta kwana da kwanaki, in an gama kowa ya kama gabansa, uwa ita kaɗai ke renon ɗanta. Babu kuma wani binciken kimiyya da ya tabbatar cewa kitsen wata dabba na juya zuciyar ɗan Adam.

Sannan a yi lissafi. In da duk kwalaben da ake tallatawa a kasuwannin Zariya da Kano da Kaduna, da waɗanda ake tallatawa ta wayar hannu, na gaske ne, ai da tuni babu sauran ayu a Nijeriya. Ke nan mai saye na tsakanin abu biyu: ko dai an sayar masa da kitsen wata dabba daban an ci kuɗinsa, ko kuwa na gasken ne, ya sa hannu a kisan dabbar da doka ta hana taɓawa. Har ma jabun yana da illa, domin shi ke raya kasuwar, ya sa mai kuɗi ya tashi neman na ainihi ko nawa ne.

Doka Ita Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Doka dai akwai ta. Dokar soja mai lamba 11 ta shekarar 1985 ta hana farauta da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ayu na cikinsu, kuma an yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. A taron da aka yi a birnin Bankok a 2013, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES sun ɗaga ayun Afirka zuwa rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ita ma ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin haɗari.

Amma wace doka ce ke iya nutso? Ma'aikacin gandun daji yana tudu, ayu yana ƙarƙashin ruwan da ya yi jawur da laka. A Fulorida ta Amurka akwai maɓuɓɓugai masu ruwa garau, inda ake ɗaukar hoton ayu a gane kowane ɗaya ta tabon da ke jikinsa, ana kuma ƙirga su daga jirgin sama. A 1991 an ƙirga 1,267, zuwa 2017 sun haura 6,000, sakamakon kafa wuraren kariya da rage gudun jiragen ruwa. Duk da haka a 2021 sama da 1,000 suka mutu, akasari saboda gurɓacewar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci, abin da ke nuna aikin kiyayewa ba ya ƙarewa. Mu kuwa a Binuwai, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a cikin ruwa. Tabarau da tukunyar iska ba za su yi mana abin da suke yi wa Bature ba. Abin da muke da shi shi ne mutanen da ke gani da hannu da ƙafa.

Masu Nutso Namu

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga irin wannan gwaninta. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. A wasannin kabanci ana gasar nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Amma darasin da ya fi muhimmanci shi ne na Matan Fada kanta: ana hana su a wurin a sauran watannin shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa da Makwashe, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa ranar biki. Kakanninmu sun san hikimar hutar da ruwa tun kafin a rubuta ta a littafin kimiyya.

Irin waɗannan gwanaye suna nan birjik: Sarkawan Yawuri, Nufawan Kwara, Jukunawan Binuwai, da Hausawa masunta da suka bazu daga Numan zuwa Ibi da Makurɗi da Lakwaja, har da masu nutso suna ɗebo yashi. Abin takaici, ba a tuna su sai jirgi ya kife. Lokacin haɗarin jirgin ruwa na yankin Wara a Jihar Kebbi cikin watan Mayu na 2021, da su aka dogara wajen tsamo mutane. In an gama a yi musu godiya a manta da su.

Ga ayyuka biyar da nake ganin za su iya yi.

Na ɗaya, ba da labari. Masunci ya san gurbin da ayu ke kwana, ya san guntayen ciyawar da ya tauna, ya san kashinsa in ya taso. A Kamaru, Dakta Aristide Kamla da ƙungiyarsa ta AMMCO sun ba masunta wata manhajar waya mai suna Siren, suna aika hoto da wurin da suka ga ayu ko kunkurun teku ko dolfin. Da haka aka tara bayanan da mai bincike shi kaɗai ba zai tara ba.

Na biyu, tsamo matattun raguna. Mai nutso da wuƙarsa zai iya kwance ragar da ta maƙale a ƙasan ruwa. A ƙasashen waje masu nutso da tukunyar iska suna gudanar da irin wannan shara a teku, suna kuma rubuta abin da suka kwaso. Ƙwararrun da ke aiki a tashoshin jiragen ruwa da rijiyoyin mai na gaɓarmu, mai tsawon kimanin kilomita 850, za su iya yin haka saboda kunkuru da dolfin.

Na uku, ceto. Idan ayu ya sarƙe a raga, mintoci ne tsakaninsa da mutuwa, ba wanda zai iso da wuri sai mai ragar. Idan kuma ya maƙale a gurbi da rani, ana bukatar masu shiga ruwa su kewaye shi da taru, a ɗauke shi a mayar uwar kogi, tare da likitan dabbobi.

Na huɗu, ɗebo samfur. A yau ana iya ɗibar ruwa a kwalba, a tace shi, a gano ƙwayoyin gadon dabbar da ta zauna a cikinsa ko ba a gan ta ba. An gwada wannan dabara a kan ayu a tafkin Ossa na Kamaru. Mai bincike na bukatar wanda zai nuna masa inda ya kamata a ɗiba.

Na biyar, tsaro. Hanin da Sarkin Ruwa ya yi ya fi takardar hukuma kaifi a bakin kogi. In sarakunan ruwa suka ware wasu guraba suka ce ba su ba farauta, kamar Matan Fada, to magana ta zauna.

Ƙorafin Masunci

Za a ce da ni, kai malamin makaranta kana Samaru kana jiran albashi, ka san ciwon masunci kuwa? Wannan ƙorafi gaskiya ne. Ayu na yaga raga, yana cin kifin da ya kamu, yana shiga fadama ya ɓarnata shinkafa. Kuma ayu ɗaya in an yanka, kuɗinsa sun fi na su na makonni. Mai iyali da yunwa ba ya jin wa'azin kimiyya. Saboda haka ne ma na ce a biya su. Wanda ya yanke ragarsa don ya saki ayu, a mayar masa da raga. Wanda ya tsamo matacciyar raga, a saya a hannunsa bisa awo. Tsohon maharbin ayu, wanda ya fi kowa sanin halinsa, a ɗauke shi mai gadi da jagoran masu bincike. Sannan a ba su rigunan ceto da horon agajin gaggawa, domin nutso sana'a ce mai haɗari, bai dace a tura mutum ceton dabba a bar ransa a banza ba. Kuɗin da wannan zai ci ba su kai na taron bita guda a babban otal ba.

Nauyin Da Ke Kanmu A Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da masana dabbobi da tsirrai, da tsangayar likitancin dabbobi, da ta harhaɗa magunguna. Me zai hana ɗalibanmu su sayo kwalaben man ayu daga kasuwanni, a auna su a ɗakin bincike, a faɗa wa jama'a da Hausa abin da ke ciki? Me zai hana a haɗa kai da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, a tura ɗalibai Kainji da Pandam su zauna da masunta, su rubuta iliminsu kafin tsofaffin su shuɗe? Tafkin Kubanni kuma yana nan a bayanmu, wurin da za a fara koyon ɗibar samfur da kwashe leda tare da masuntan Galma.

Shugabannin masu maganin gargajiya su ma a zauna da su cikin mutunci, domin akwai masu kishin sana'a a cikinsu da ba sa son a ɓata musu suna da jabu. Gidajen rediyo su taimaka da faɗakarwa, musamman a shirye-shiryen mata.

Kai kuwa mai karatu, naka aikin shi ne mafi sauƙi. Kada ka sayi man ayu, kada ka saya wa wani, in an kawo tallarsa gidanka ka bayyana wa iyali abin da ka karanta. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, to a nan ma babu maganin sam, domin dabbar da ta ƙare ba ta dawowa. Ranar da kwalbar nan ta yi kwantai a tabarmar mai talla a Sabon Gari, ranar ce maharbin Binuwai zai ajiye mashinsa, ya saurari wanda ya zo masa da tayin aikin gadi.